Tasirin jiƙon tsirran magani a kan kumburi a ƙwayoyin garkuwar jiki

Wannan wani reshe ne na binciken magunguna da ke duba abin da ke samun ƙwayoyin garkuwar jiki, wato fararen ƙwayoyin jini da danginsu, idan aka haɗa su da abin da aka tatso daga ganye ko saiwa ko sassaƙe ko irin wani tsiro da masu maganin gargajiya suka daɗe suna bayarwa don kumburi da zogi da ciwon gaɓoɓi. Tambayar da masu binciken ke bi ba ta wuce uku ba: shin jiƙon yana rage sinadaran da ƙwayoyin ke fitarwa in sun harzuƙa, ta wace hanya yake yi, sannan abin da aka gani a ɗakin gwaje-gwaje shi ne ke faruwa a jikin mutum ko kuwa. Ta farko da ta biyu an yi rubutu a kansu kamar me, takardun bincike dubbai ne. Ta ukun ce dai har yanzu da sauran rina a kaba.

Shi kansa kumburin

A bakin likitoci kumburi ya wuce tashin fata kawai. Martani ne da jiki ke mayarwa in an ji masa rauni ko ƙwayar cuta ta shige shi. Tun ƙarni na farko wani marubucin Rumawa mai suna Celsus ya lissafa alamominsa huɗu, ja da tashi da ɗumi da zogi, daga baya aka ƙara ta biyar wato gaɓar ta kasa yin aikinta. Amma wanda ya fara nuna cewa akwai ƙwayoyi masu rai da ke yin wannan aiki shi ne Élie Metchnikoff, a 1882 a garin Messina na Italiya. Ya soka ƙaya a jikin 'ya'yan tauraron teku, su kuwa jikinsu garai yake ana hango ciki, da gari ya waye sai ya tarar wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar rubdugu. Wannan ne ya ja masa kyautar Nobel ta 1908 shi da Paul Ehrlich.

Masu aikin nan iri-iri ne. Akwai makrofaj, babbar ƙwaya ce mai haɗiye duk abin da ba ta yarda da shi ba, zaune take a kusan kowane sashe na jiki kamar mai gadi, ita ke fara yin ƙararrawa. Akwai nutrofil, su ne fiye da rabin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum, cikin 'yan awoyi suke tururuwa zuwa wurin ciwo su yi faɗa su mutu a can, mugunyar da ake gani a maruru yawancinta gawarwakinsu ne. Sai limfosayit, su ba su da gaggawa amma su ne masu riƙo, su ke tuna abokin gaba, kuma su ne ke juyowa su far wa jikin mai su a cututtuka irin su amosanin gaɓɓai mai cin jiki da lufus.

Yadda makrofaj ke harzuƙa kuwa an san shi dalla-dalla. A bangon wasu bakteriya akwai wani sinadari da ake taƙaita sunansa da LPS, a fatar makrofaj kuma akwai abin da ke shinshino shi mai suna TLR4, Bruce Beutler ne ya tabbatar da haka a 1998. Da zarar sun haɗu saƙo zai bi ta cikin ƙwayar har ya kwance wani furotin da ake kira NF-kB wanda da ma a ɗaure yake, shi kuma ya wuce cibiyar ƙwayar ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Ranjan Sen da David Baltimore ne suka gano shi a 1986. Daga nan sai ƙwayar ta fara zubo saƙonni, su TNF da IL-1 da IL-6 waɗanda ke kiran 'yan'uwa su kuma kawo zazzaɓi, ta ƙera COX-2 mai haɗa firostagilandin wanda ke kawo zogi da buɗewar jijiyoyin jini, ta ƙera iNOS mai fitar da iskar naitirik okzayid don kashe ƙwayar cuta.

To duk wannan fa ba cuta ba ne, kariya ce, mutumin da jikinsa ba ya iya kumburi ƙaramin ƙurji sai ya kai shi lahira. Matsala tana zuwa ne in wutar ta ƙi mutuwa bayan an gama da ita, ko ta kama babu dalili, shi ne kumburi mai daɗewa da ake alaƙantawa da ciwon gaɓoɓi da asma da gyambon hanji da toshewar jijiyoyin zuciya. Saboda haka in aka ce tsiro kaza "yana kashe kumburi", ba kullum yabo ba ne, sai an ji wane kumburi kuma a jikin wa.

Yadda ake gwajin

Ana farawa da shanya tsiron a inuwa a niƙe shi, sai a jiƙa garin a ruwa ko itanol ko metanol ko wani abin narkarwa, a tace, a ƙafar da ruwan a na'ura har sai ɗanko ko gari ya rage. Wannan ragowar ita ce ake gwadawa. Kuma abin da aka jiƙa da shi ba ƙaramin abu ba ne, domin ruwa yana janyo wasu sinadarai ne daban, itanol yana janyo wasu, ganye ɗaya sai ya ba da jiƙo biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan. Misalin da aka fi sani shi ne na tazargade. Tu Youyou a ƙasar Sin ta yi ta samun sakamako mai hawa da sauka, har sai da ta koma wani tsohon rubutun Ge Hong na ƙarni na 4 ta ga shi cewa ya yi a jiƙa a matse, bai ce a dafa ba, sai ta sauya zuwa tatsa da wani abin narkarwa mai suna ether a yanayi mara zafi a 1971 abin ya fito. Nata na zazzaɓin cizon sauro ne ba na kumburi ba, amma darasin ɗaya ne. Ga kuma bambancin ƙasar da tsiron ya fito da lokacin da aka tsinke shi da ko saiwa ce ko ganye, duk suna canja ƙarfin jiƙo.

Ƙwayoyin da aka fi gwaji da su sunansu RAW 264.7. Makrofaj ne na ɓera, an samo su daga wani ƙari da bairos ya haddasa a jikin ɓeran gwaji aka bayyana su a 1978, tun daga lokacin ake ta kiwonsu a kwalabe suna hayayyafa ba iyaka. Na mutum da aka fi amfani da su THP-1 ne, an samo su a Japan a 1980 daga jinin wani yaro ɗan shekara ɗaya mai sankarar jini.

Ga yadda abin yake a kan tebur. Faranti ne na roba bai fi tafin hannu da kaɗan ba, mai ƙananan ramuka 96. A zuba dubban ƙwayoyi a kowane rami cikin wani ruwan abinci ja-ja, a sa a akwatin ɗumi mai digiri 37 su kwana su manne a ƙasa. Washegari a ɗiga jiƙon, wani layi kaɗan wani layi da yawa, a jira kamar awa ɗaya, sai a ɗiga LPS a tsokane su. Akwai ramukan da ba a sa wa komai ba, akwai na LPS zalla, akwai waɗanda aka sa wa sanannen magani irin dekzametazon don a samu ma'auni. Bayan awa 24 ko kusa da haka a ɗebi ruwan saman a haɗa da ruwan gwajin Griess, tsohon gwaji ne tun 1879. Ramukan LPS zalla nan take za su rikiɗe su koma ruwan hoda mai duhu, in jiƙon ya yi aiki sai ka ga launin yana kodewa layi bayan layi, da ido ma ana gani tun kafin na'ura ta karanta. Su TNF da IL-6 kuma da gwajin ELISA ake auna su. Daga nan a lissafo yawan jiƙon da ya rage martanin da rabi, shi ake rubutawa IC50, in lambar ƙarama ce jiƙon mai ƙarfi ne kenan.

Wanda ya tsallake wannan mataki sai a kai shi ga dabba. Gwajin da ya fi shahara tun 1962 shi ne a yi wa ɓera allurar karajinan a tafin ƙafa, ƙafar ta kumbura, a riƙa auna ta awa bayan awa a ga ko wanda aka ba jiƙon tasa ta fi saɓewa.

Tsirran da aka fi sanin aikinsu

Bishiyar wilo ita ce uwa a wannan fage. Wani malamin coci a Ingila, Edward Stone, ya rubuta a 1763 cewa ya yi ta ba masu zazzaɓi garin sassaƙenta. A 1828 Johann Buchner ya ware sinadarin salisin a Jamus, a 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya haɗa abin da aka sa wa suna asfirin bayan shekara biyu. Abin mamaki sai da aka shafe shekara 70 da ɗoriya ana shan asfirin kafin a san me yake yi, John Vane ne a 1971 ya nuna cewa haɗa firostagilandin yake hanawa, ya samu Nobel a 1982. Sai dai sassaƙen da ƙwayar asfirin ba abu ɗaya ba ne fa. Asfirin yana lalata COX ne gaba ɗaya ta yadda ba ya farfaɗowa, salisin ba ya haka, kuma jiƙon sassaƙe mai salisin miligiram 240 abin da yake kaiwa jini bai kai na asfirin miligiram 100 ba.

Na biyu wanda a ganin masu nazarin ƙwayoyin garkuwa ya ma fi wilo ban sha'awa shi ne Colchicum autumnale, wani fure mai kai kamar albasa, likitocin Larabawa da Farisa na da suna kiran danginsa suranjan suna ba masu niƙris, wato ciwon nan da gishirin yurik ke taruwa a gaɓa, yawanci babban yatsan ƙafa, mutum ya kwana ko zani ba ya so ya taɓa wurin. Pelletier da Caventou suka ware kolcisin daga cikinsa a Faransa a 1820. Aikinsa kai tsaye a kan nutrofil yake. Kowace ƙwaya tana da wasu siraran sanduna a ciki da take rushewa tana sake ginawa in za ta yi tafiya, kolcisin sai ya manne wa tubalin ginin wato tubulin, nutrofil ya ji kira amma ya kasa rarrafawa zuwa gaɓar. A 2006 kuma masu bincike a Suwizalan suka nuna cewa gishirin yurik ɗin yana tayar da wata na'urar cikin ƙwaya mai suna NLRP3 wadda ke sakin IL-1, kuma kolcisin yana dakushe hakan. Tun 1972 ake ba da shi ga masu zazzaɓin gado na yankin Bahar Rum, kuma bayan manyan gwaje-gwaje biyu a 2019 da 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a 2023 a riƙa ba masu ciwon jijiyoyin zuciya rabin miligiram a rana. Rabin miligiram fa. Tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa tazarar kaɗan ce ƙwarai, ana sha fiye da kima sai gudawa da amai, in ya yi yawa ɓargo ya daina aiki.

Lubban, wato ƙaron itatuwan Boswellia, musamman Boswellia serrata na Indiya, shi ta wata ƙofa yake bi. Tun farkon shekarun 1990 masu bincike a Tübingen ta Jamus suka nuna cewa sinadaransa, musamman wanda ake taƙaitawa AKBA, suna toshe wani inzayim, wato furotin da ke haɗa ko wargaza sinadarai a jiki, mai suna 5-LOX da nutrofil ke haɗa lukotirin da shi, su kuma lukotirin suna da hannu a asma da kiran ƙarin fararen ƙwayoyi.

Kurkum kuwa babu tsiron da ya kai shi yawan takardu. An ware launinsa kurkumin tun 1815, shi ne kusan kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na busasshiyar saiwar. A faranti kam gwani ne, yana hana a kwance NF-kB, COX-2 ya sauka, iNOS ya sauka, TNF ya sauka, duk abin da ka auna sai ka ga ya motsa. Wannan yawan motsawar ita ce ma ta jawo masa zargi kamar yadda za a gani a ƙasa.

Mafi ƙarfi a cikinsu mai yiwuwa Tripterygium wilfordii ne, wani tsiro mai yaɗo na ƙasar Sin. An ware tiriftolayid daga saiwarsa a 1972, kuma a 2011 aka gano yana kama wani furotin mai suna XPB wanda ƙwaya ke buƙata in za ta karanta ƙwayoyin gadonta, shi ya sa ɗan mitsitsinsa ke rufe bakin limfosayit da makrofaj baki ɗaya.

Saura suna da yawa, citta da jinjarol ɗinta, habbatus sauda da taimokwinon, koren shayi da EGCG, darbejiya, zogale, tafarnuwa, Harpagophytum na hamadar Kalahari. Kusan dukkansu labari ɗaya za ka karanta: an sa wa makrofaj LPS, an zuba jiƙo, naitirik okzayid ya sauka, an ce ta hanyar NF-kB ne.

Inda faranti ke yaudara

To in kusan duk ganyen da aka gwada yana ba da sakamako iri ɗaya ai dole mutum ya tsaya ya yi tunani, ruwa ba ya tsami banza. Dalilan kuwa sanannu ne ga masu aikin.

Matacciyar ƙwaya ba ta fitar da komai. In jiƙo guba ne ya kashe rabin makrofaj, launin hodar nan zai kode daidai kamar na maganin ƙwarai. Don haka ake haɗawa da gwajin rai mai suna MTT wanda aka fito da shi a 1983, ruwa ne rawaya da ƙwaya mai rai ke mayarwa shuɗi-shuɗi mai duhu. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, domin sinadaran tsirrai da yawa su da kansu suna iya juya launin MTT ko babu ƙwaya ko ɗaya a ramin, sai matattu su fito a takarda a matsayin masu rai. Jiƙo mai launi kamar na kurkum ko na jan sassaƙe shi ma yana rikita na'urar da ke karanta launi. Wasu kuma ba su hana ƙwayar komai ba, iskar naitirik okzayid ɗin kawai suka tsotse bayan an fitar da ita. Sai tanin, sinadarin nan mai bauri da ke cike a sassaƙe da yawa, shi duk furotin da ya samu manne masa yake, don haka kowane inzayim ka gwada shi da shi zai ce maka ya toshe.

Masu harhaɗa magunguna har suna suka sa wa irin waɗannan sinadarai masu fitowa da nasara a kowane gwaji, kuma a 2017 wata doguwar bita a mujallar Journal of Medicinal Chemistry ta sa kurkumin a sahun gaba, ta ce ba ya zama daram, yana wargajewa cikin mintuna a ruwa mai yanayin jini, yana ƙyalli a na'ura, yana dunƙulewa, kuma duk da gwaje-gwaje fiye da 120 a kan mutane bai zama tabbataccen maganin wata cuta ba. Masu kare shi sun mayar da martani, har yau ana ja.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya ɓangaren, na tsirran da ake cewa suna "ƙara ƙarfin garkuwa" saboda an ga sun zaburar da makrofaj. Masu bincike a Jami'ar Mississippi sun bi diddigin Echinacea, tsiron da ake sha don mura a Amurka da Turai, a 2008 suka nuna cewa yawancin zaburarwar ba daga tsiron take ba, daga ɓurɓushin bakteriyar da ke zaune cikin tsiron ne, wato LPS da makamantansa. Makrofaj ɗin gaskiya ya faɗa, bakteriya ya ji. Tun da LPS ɗan ƙanƙani ya isa ya tayar da faranti guda, duk wanda bai gwada jiƙonsa ya ga ba shi da wannan gurɓata ba to maganarsa a kan zaburarwa sai a hankali.

Sannan ɓera ba mutum ba ne. Makrofaj ɗin ɓera na zubo naitirik okzayid kamar famfo in ya ji LPS, na mutum a faranti da ƙyar yake fitar da abin a zo a gani. Ga shi RAW 264.7 ƙwayoyin ƙari ne, kuma in aka daɗe ana juya su daga kwalba zuwa kwalba halinsu na canjawa. Ke nan ma'aunin da aka fi dogara da shi saboda sauƙi da arha shi ne wanda ya fi nisa da jikin ɗan'adam.

Daga faranti zuwa jikin mutum

A faranti jiƙo kan ƙwaya yake sauka kai tsaye. A jiki kuwa sai ya bi ta ciki ya sha ruwan tsami, ya ratsa bangon hanji, bakteriyar hanji su taɓa nasu, hanta ta kama shi ta liƙa masa abin da zai sa ƙoda ta zubar, abin da ya tsira ya shiga jini furotin albumin ya riƙe mafi yawansa. Abin da zai isa gaɓar da ke ciwo sau da yawa ba ma sinadarin da aka gwada ba ne.

A 2006 a Jami'ar Michigan an ba mutum 24 kurkumin daga rabin giram har giram 12 a shaye ɗaya. Duk waɗanda suka sha giram 8 zuwa ƙasa ba a ga ko ɗigonsa a jininsu ba, mutum biyu kacal cikin masu giram 10 da 12 aka ga ɗan kaɗan. Alhali abin da ake zubawa ƙwayoyi a faranti ya ninka wannan sau ɗaruruwa ko fiye. Wani bincike na 1998 a Bangalore ya nuna in aka haɗa shi da fiferin, sinadarin baƙin masoro, abin da ke shiga jini na ninkawa kusan sau 20, daga nan kamfanoni suka yi ta haɗa su. Lubban ma haka, AKBA ɗin da ke toshe 5-LOX a wankakkun nutrofil da aka gwada shi a cikakken jini sai ƙarfin ya zube, albumin ya riƙe shi.

Wannan ba ya nufin ba sa komai. Gwaje-gwaje a kan masu ciwon gwiwa sun nuna kurkum da lubban na rage zogi daidai gwargwado, sai dai yawancinsu ƙanana ne kuma na 'yan makonni. Ɗaya daga Tasmaniya ta Ostareliya a 2020 ya dace da batun nan sosai: mutum 70, mako 12, waɗanda suka sha jiƙon kurkum sun ce zogi ya ragu fiye da waɗanda suka sha ƙwayar bogi, amma da aka ɗauki hoton MRI kumburin tantanin gwiwa da ruwan da ya taru yana nan yadda yake. Sauƙi ya samu, ta hanyar da ake zato ne ko ba ta nan ba, hoton dai bai nuna ba.

Tripterygium shi kam ya nuna kansa a jikin mutane. A wani gwaji a Amurka da aka buga a 2009 da mutum 121 masu amosanin gaɓɓai ya fi maganin asibiti salfasalazin aiki, ko da yake kusan rabin mutanen sun fice kafin a gama. A Beijin kuma a 2014 da mutum 207, kashi 55 cikin 100 na masu shansa ciwonsu ya ragu da rabi, masu shan maganin asibiti metotirekzet kashi 46, waɗanda aka haɗa wa biyun kusan kashi 77, amma su da likitocinsu duk sun san abin da kowa ke sha, wannan kuwa yana rage wa sakamako daraja.

Illa da karo da wasu magunguna

In aka lura, waɗanda aikinsu ya fi fitowa fili su ne kuma suka fi haɗari, kuma ba abin mamaki ba ne tun da hanyoyin da suke toshewa sauran jiki ma da su yake rayuwa. Tripterygium na ɗauke wa mata al'ada, yana rage maniyyi, yana taɓa hanta da ƙoda da ɓargo, ganyensa da ɓawon saiwarsa sun sha kashe mutane. Duk abin da ya danne makrofaj da limfosayit da gaske kuma yana buɗe wa tarin fuka da sauran cututtuka ƙofa, kamar dai yadda magungunan asibiti masu danne garkuwa irin su firednisolon ke yi.

Har masu sunan sauƙi ma in aka tattara ƙarfinsu a kafso labari na canjawa. A 2019 Italiya ta samu jerin masu ciwon hanta da aka danganta da kafson kurkum, a Amurka ma masu bibiyar raunin hanta sun ba da rahoton irin haka a 2022, da yawa masu fiferin ne a ciki, kuma akasarin waɗanda abin ya sama suna ɗauke da wata alamar gado ta garkuwa mai suna HLA-B*35:01, wato mai yiwuwa garkuwar tasu ce ta far wa hantar. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai a 2018 ta ce EGCG na koren shayi miligiram 800 a rana zuwa sama yana ɗaga alamun raunin hanta a jini.

Akwai rikicin suna. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam mata fiye da 100 suka samu lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba, an so a sa Stephania tetrandra ne aka sa Aristolochia fangchi, dukkansu a Sinanci sunansu na ƙarewa da fang ji kuma dukkansu ana ba da su don sanyin gaɓoɓi, da yawa cikinsu sai da suka koma wankin ƙoda, wasu kuma daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Akwai kuma algus, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama haɗin "ganye zalla" na ciwon gaɓoɓi mai sha yanzu magani yanzu da aka tarar an barbaɗa masa dekzametazon ko daikolofenak, mai sha ya ji garau kwana biyu, bayan watanni fuska ta kumbura suga ya hau.

Karo da maganin asibiti ma ta garkuwar yake ɓullowa wani lokaci. Hypericum perforatum, furen da ake sha a Turai don damuwa ake kuma shafa mansa a rauni, yana zuga hanta ta ƙara ƙera inzayim CYP3A4 mai narkar da magunguna da yawa. A shekarar 2000 likitoci a Zurich suka ba da labarin mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya suna zaune lafiya a kan saikulosforin, maganin da ke hana limfosayit ƙin sabuwar zuciyar. Suka fara shan furen, cikin makonni uku maganin ya yi ƙasa a jininsu, da aka ɗebi tsokar zuciyar aka duba sai ga garkuwarsu ta fara cin ta. Da suka daina shan furen adadin maganin ya koma yadda yake.